Baƙar Hular Auta

Ranar Talata ce, gab da azahar. Inna tana zaune a inuwar bakin ƙofarta ta miƙe ƙafa, kwarashi a hannu, ƙullin baƙin ulu yana cikin kwano a gefenta don kada ya gangara cikin ƙasa. Sai ta ji sallama.

Surukinta ne, mijin Auta. Malamin makaranta ne, kuma tun da ya auri 'yarta bai taɓa shigowa gidan a irin wannan lokaci ranar aiki ba. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya zo ya tsuguna, bai gaishe ta ba. Akwai farin alli a hannun rigarsa.

"Malam, lafiya?"

"Inna, sai haƙuri."

Ya faɗi sauran kansa a sunkuye. Auta ta tafi aiki da safe lafiyarta ƙalau, da cikinta na wata bakwai da 'yan kwanaki. Tana tsaye a ɗakin jarirai jini ya ɓalle mata. Abokan aikinta suka ruga da ita tiyata, aka ciro 'ya mace da rai. Jinin uwar ne ya ƙi tsayawa. Daga aji aka kira shi, kafin ya isa an gama.

Inna ba ta yi ihu ba. Abin da har yau take mamaki shi ne hannunta bai tsaya ba, sai da ya ƙarasa layin da take kai, ya ja zaren ya ƙulle don kada saƙar ta warware. Sannan ta ajiye kwarashin ta ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sake faɗi. Can ta ce, "Yarinyar fa?"

"Tana kwalba, Inna. A ɗakin da uwarta take aiki."

Kafin rana ta faɗi an kai Auta makwancinta.

Cikin 'ya'yan Inna biyar, Auta ce kaɗai karatu ya yi wa nisa. Mahaifinsu ya rasu tana 'yar shekara shida, da saƙa Inna ta riƙe gidan, hula da safa da shawul na jarirai. Ita Inna ba ta iya karanta harafi ko ɗaya ba, amma ta san lambobi sarai, don Auta ta koya mata su tun tana firamare, tana zana su da gawayi a jikin bango, wai mai ƙirga saƙa bai kamata lamba ta gagare ta ba. Da ta girma ta zama nas, aka kai ta ɗakin bakwaini, ta shekara takwas a can.

Shekara uku kafin rasuwarta ta zo gida wata Asabar da murna kamar wadda aka yi wa kyautar mota. An kawo musu sabuwar na'ura.

"Wace iri kuma? Ba kin ce kuna da mai ƙirga iska ba?"

"Waccan ta hannu ce, Inna. Ana ɗaura wa jariri a hannun dama da zarar ya faɗo, ta gaya miki ko jininsa ya ɗauki iska. Wannan kuwa a goshi ake manna ta. Tana haska wani ɗan haske ta cikin fata, ta gaya miki ko iskar ta isa ƙwaƙwalwa."

"To ai duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. Ta hannu tana gaya miki an cika tulu a bakin famfo. Ta goshi tana gaya miki ko ruwan ya iso gida."

Inna ta ce wannan kam ta gane.

"Lambar goshi," in ji Auta, "in tana tsakanin hamsin da biyar da tamanin da biyar, sai mu ce madalla. In ta yi ƙasa da hamsin da biyar, a kira likita da gudu. Matsalar ɗaya ce. Abin yana aiki da haske, don haka in hasken waje ya kutsa ƙarƙashinsa sai ya rikice ya yi ta sharara ƙarya. Ga cikin kwalba da danshi, filasta ba ta daɗewa take ɗagowa, goshin kuma bai fi faɗin yatsu uku ba. Inna, hula nake so. Wadda za ta danne shi ta kuma tare haske."

Inna ta kwana huɗu tana saƙa. Ta yi guda shida, ruwan hoda da rawaya da shuɗi mai haske, har da ɗan fure a gefe. Auta ta zo ta zaro wata siririyar tocila daga aljihun rigar aikinta, ta cusa cikin hula ta kunna. Hular ta haske kamar fitila.

"Inna, wannan ai rariya kika saƙa mini."

"Rariyar gidanku! Shekara talatin ina saƙa ba wanda ya taɓa maido mini da kaya."

"To yau kin samu. Baƙi nake so, a matse, gaban goshin ninki biyu."

"Baƙi? Wa ya taɓa ganin jariri da baƙar hula kamar mai gadin kasuwa?"

"Ya yi kama da mai gadi, ya rayu ya yi miki rashin kunya."

Sau uku Inna tana warwarewa. A na huɗu Auta ta kunna tocila, ta juya hular gaba da baya, ta kai ta lungun ɗaki ta sake dubawa, ko ɗigon haske babu. Ta ɗago ta ce, "Ta yi." Inna ta kwana da daɗin kalmar nan. Tun daga ranar duk wata sai ta saƙa goma, kowace sai ta bi ta tocila kafin ta shiga jaka. A asibiti abokan aiki suka laƙaba wa Auta suna Sista Hula. Tun suna yi don tsokana har ya bi ta, likitoci ma da shi suke kiranta.

Washegarin rasuwar gida ya cika da masu gaisuwa tun da safe. Inna ta shiga ɗaki ta ɗauko mayafi da jakar saƙarta. Ƙanwarta ta tare ta a ƙofa.

"Yaya, ina za ki? Mutanen nan duk wajenki suka zo."

"Ki amsa musu. Wadda suka zo dominta ta tafi. Wadda ta bari ko ganinta ban yi ba."

Surukin ya raka ta. A bakin ɗakin jarirai wata nas mai tabarau ta fito, aminiyar Auta ce, ta sha zuwa gida tare da ita. Tana ganin Inna ta rungume ta tana kuka, Inna ce ma ta koma rarrashinta. Aka sa ta wanke hannu har gwiwa, aka ba ta koriyar riga ta ɗora, aka ce mutum ɗaya ke shiga. Malam ya tsaya ta bayan gilashi.

Shekara uku tana saƙa wa ɗakin nan, ba ta taɓa wuce ƙofarsa ba. Ɗumi ya buge ta, da ƙarar na'urori ƙit-ƙit ta ko'ina. Kwalabe takwas ne, huɗu a kowane gefe. Ta bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. A cikin kowace ga ɗan mutum kwance, wani bai fi tsawon takalminta ba, kuma bakwai na farko kowanne da baƙar hula a kansa, siririyar waya ta fito ta ƙarƙashinta. Ta gane saƙarta. Ta gane har wadda ulun ya ƙare mata a tsakiya ta yi haɗi ta baya.

Kwalba ta takwas tana can ƙarshe, jikin taga. An zuge labulen, rana ta shigo ta kwanta a kan gilashin. Jikarta tana ciki, hannun dama da ɗan abu mai jan haske, hanci da siririyar roba. A kanta kuwa farar hula ce tas, mai 'yan huji-huji na ado, da ɗan kirtani ruwan hoda.

"Ni na saƙa, Inna," in ji Mai Tabarau tana goge ido. "Wata biyu ina yi a ɓoye, na ce sai ta haihu in ba ta mamaki. Jiya muka zauna muka ce wannan 'yar gida ce. Uwarta ta rasu, sannan mu ɗora mata baƙi a ka? Zuciyarmu ba ta iya ba. Wurin nan kuma nan marigayiya take tsayawa ta yi rubutu, shi ya sa muka kawo ta nan, muka buɗe mata labule, kada ta zauna a lungu."

Inna ta dubi hular. Hannun ɗan koyo ne, saƙar sakwa-sakwa, amma an yi ta da zuciya ɗaya. Ta tuna tocila. Ta buɗe baki ta rufe. Mutanen nan su suka yi karatun, su suka tsaya a kan 'yarta jiya har numfashinta na ƙarshe, ita wace ce da za ta shigo daga shigowa ta ce a cire kyautarsu?

"Allah ya yi miki albarka," ta ce.

"Kuma kin ga, Inna, lafiyarta ƙalau." Mai Tabarau ta nuna allon da ke saman kwalbar. "Ta hannu casa'in da biyar. Ta goshi saba'in da shida. Uwarta ma da ta gani da ta yi murna."

Aka kawo mata kujera. Nas biyu ne kawai a ɗakin ranar, don gurbin Auta ba a cike shi ba, suna ta kai da kawo. Inna ta lura duk wadda ta zo kwalbar nan sai ta ɗaga kai ta dubi allo, ta rubuta, ta wuce da sauri. Ba mai iya tsayawa ta kalli fuskar yarinyar, don goshin da haɓar duk na uwarta ne.

Ita kuwa ba ta da inda za ta. Ta zauna tana kallo. Yarinyar tana kwance shiru, shirun ya yi yawa. Na kwalbar kusa yana ta harbin iska da ƙafa yana yamutsa fuska, ita ko yatsa ba ta motsawa. Tafin ƙafarta fari fat kamar an jiƙa shi a ruwa. Inna ta haifi biyar, ta yi wa jikoki tara wanka, ba ta san tafin jariri da irin wannan fari ba. Amma ta ce wa ranta bakwaini ce, wataƙila haka suke.

Ɗaya nas ɗin ta zo wucewa ta tsakanin kwalbar da taga da tire a hannu, ta tsaya tana neman wani abu a kan tebur. Inuwarta ta rufe kan yarinyar. Idon Inna yana kan allo. Saba'in da shida ta koma saba'in, ta koma sittin da huɗu. Nas ta samu abin da take nema ta wuce. Rana ta dawo. Sittin da tara, saba'in da uku, saba'in da shida.

Inna ta ce a ranta ko idonta ne, tun jiya ba ta runtsa ba. Ta jira. Ba wanda ya sake wucewa. Sai ta tashi a hankali ta zagaya, ta tsaya jikin tagar da kanta, ta buɗe mayafinta da hannu biyu kamar mai shanya. Ta ƙirga a zuci. Kafin ta kai ashirin lambar ta sauka sittin da biyu. Ta sauke mayafin, lambar ta hau. Ta sake ɗagawa, ta sauka.

"'Yar nan," ta kira Mai Tabarau. "Zo."

"Na'am, Inna? Ruwa za ki sha?"

"Lambar nan ba ta yarinyar ba ce. Ta rana ce."

Mai Tabarau ta dube ta da tausayi, ta dafa kafaɗarta. "Inna, kin gaji. Zo ki zauna. Yanzun nan na duba, filastar tana nan, ni na manna da hannuna."

"Na ji. Cire hular."

"Inna, ba a yawan buɗe kwalba, sanyi zai..."

"To kira mini babbarku."

Ba ta san muryarta ta ɗaga ba sai da ta ga Malam ya manna fuska a gilashi. Babbar Sista ta fito daga ofishinta, mace mai jiki, mai furfura a gefen kai, wadda Auta take cewa ko likita sai ya gyara tsayuwa in ta shigo. Ta yi wa Inna gaisuwa cikin ladabi, sannan ta ce, "Inna, mun san abin da kike ji. Mu ma 'yarmu ce. Amma nan ɗakin marasa lafiya ne, a bar mana aikin."

"Sista, ni ban yi karatu ba, ko sunana ban iya rubutawa ba. Ban zo koya muku aiki ba. Abu ɗaya na roƙe ki. Dubi lambar can ta ƙasa, kada ki ɗauke ido."

Ta koma jikin taga ta ɗaga mayafin. Ɗakin ya yi tsit sai ƙit-ƙit. Saba'in da ɗaya. Sittin da shida. Sittin da biyu. Ta sauke. Lambar ta fara hawa.

Babbar Sista ba ta jira ta ga ƙarshen hawan ba. Ta goga maganin wanke hannu, ta buɗe ƙofar kwalbar, ta sa yatsu biyu ta ɗaga gefen farar hular. Ta sama filastar tana nan daram kamar yadda Mai Tabarau ta ce. Ta gefen da yake fuskantar taga kuwa danshi ya ɗago ta, ɗagowar da ba ta fi faɗin farce ba, kirtanin adon ya ɓoye wurin.

"Ja labulen nan," in ji ta. "Sabuwar filasta. Baƙar hula."

"Sista, duk suna kan yara, sauran suna wajen wanki," in ji Mai Tabarau.

Inna ta riga ta buɗe jakarta. Guda uku ne a ciki, ta ukun ita ce wadda take kai lokacin da Malam ya yi sallama, ba ta ƙarasa ba. Ta miƙa ɗaya. Babbar Sista ta ce a kawo ta jaririn da za a sallama yau, wankakkiya tana cikin jakar uwarsa, ta Inna kuma a kai a tsabtace tukuna. Aka ruga aka kawo. Ta manna sabuwar filasta, ta ja hular har gira, ta rufe kwalbar.

Su huɗu suka zuba wa allon ido. Ya ɗan yi ɗif kamar mai tunani, sannan ya kawo sittin. Hamsin da shida. Hamsin da ɗaya. Na'urar ta fara kuka. Ta tsaya a arba'in da bakwai.

Lambar hannu kuwa tana nan casa'in da biyar, ko gezau.

"An cika tulu," Inna ta ce a hankali, ba da kowa take ba. "Ruwan bai iso ba."

"Kira likita," in ji Babbar Sista. "Da gudu."

Likitan ya zo da sauri, wani siriri mai sanyin murya. Ya dubi allo, ya dubi tafin ƙafar, ya danna fatar ƙirjin da yatsa ya ɗaga yana kallon yadda take dawowa. Ya ce a tsaga dunduniya a ɗibi jini yanzu, kada a jira na yamma. Aka fitar da Inna baranda, ta zauna a benci, Malam yana tsaye nesa kaɗan, ya kasa zama kusa da ita ya kuma kasa tafiya.

"Inna, me ya faru?"

"Yi addu'a, Malam."

Ba a daɗe ba likitan ya fito ya same su. Ya ce lokacin da jini ya ɓalle wa uwar, yarinyar ma ta yi asarar nata. Sun auna jiya bai nuna ba, don irin wannan sai an kwana yake fitowa fili. Yanzu ya yi ƙasa sosai. Ɗan wanda ya rage yana ɗaukar iska yadda ya kamata, shi ya sa lambar hannu ba ta ce komai ba, amma bai isa ya wadaci ƙwaƙwalwa ba. Za a yi mata ƙarin jini.

"Da an bari sai yamma fa?" Malam ya tambaya.

"Gara da ba a bari ba," in ji likitan.

Jinin da aka kawo bai kai rabin kofin shayi ba. A cikin sirinji yake, aka ɗora a wata na'ura mai tura shi a hankali, a hankali, har ido ba ya ganin motsinsa. Babbar Sista da kanta ta fito ta ce, "Inna, shigo. Kujerarki tana nan." Ta gyara mata ita daidai inda za ta ga allo.

Inna ta ga azahar ta wuce a kujerar nan, sallah kaɗai ta tashe ta. Arba'in da bakwai ta daɗe kamar ba za ta taɓa gusawa ba. Sannan arba'in da tara. Ta koma arba'in da takwas, Inna ta dafe ƙirji, ta sake hawa. Hamsin da biyu. Ta riƙa ƙirga su kamar yadda take ƙirga layin saƙa, leɓenta yana motsi. Da ta kai hamsin da biyar na'urar ta daina kuka, shirun ya sa ɗaya nas ɗin ta juyo a firgice, sannan ta yi dariya da hawaye. Wajen la'asar lambar tana sittin da shida. Tafin ƙafar ya yi ja-ja. Can yarinyar ta yamutsa fuska, ta ɗaga ƙafa ɗaya ta harbi iska.

"Kai, ƙawata," in ji Inna. "Ashe da ƙarfinki. Daga samun jini sai faɗa?"

Likitan ya dawo ya duba, ya tambayi Babbar Sista wa ya lura da filastar.

"Ba mu ba ne. Mahaifiyar Sista Hula ce."

Ya juyo ya dubi tsohuwar da ke kan kujera da koriyar rigar da ta yi mata yawa. Ya matso ya rusuna ya gaishe ta kamar yadda ɗa yake gaida uwa.

"Inna, ke ce mai saƙar? Shekara uku muna amfani da aikinki ban san fuskarki ba. Yau kin yi mana abin da ba za mu manta ba."

"Ba ni ba ce, likita. Ni saƙa kawai na iya. Ita ce ta zaunar da ni ta yi mini bayani har na gane, da wannan kan nawa. Ku dai kun yi ma'aikaciya."

"Mun yi," ya ce. "Wallahi mun yi."

A nan ne kukan ya zo mata, wanda bai zo jiya ba. Ba wanda ya ce ta yi shiru.

Da za ta fita ta tarar da Mai Tabarau a wurin wanke hannu, ta cire tabarau, farar hular a dunƙule cikin tafinta, tana shirin jefa ta kwandon shara.

"Inna, da hannuna na kusa kashe 'yar aminiyata."

"Ke, rufe mini baki. Ƙauna ce ta yi miki yawa. Ni ma na gani tun shigowata na yi shiru don kunya, sai mu raba laifin. Ba ni nan." Ta karɓi hular ta miƙar da ita a kan gwiwa, ta juya ta. "Saƙar dai sai a hankali. Kaza ma za ta iya zura kai ta hujin nan. Ki zo gida ran hutunki in gyara miki hannu. Wannan kuma a adana, ita za ta sa ranar da za ta fita."

Haka aka yi. Bayan sati shida aka cire wayoyi duka, Malam ya rungumo 'yarsa, nas-nas suka rako su har bakin ƙofa, farar hula a kanta, ta yi mata ɗan yawa tana rufe mata ido ɗaya.

Yanzu shekararta huɗu. Mutanen asibiti 'Yar Hula suke ce mata. Surutu kamar rediyo, ta iya ƙirga har ɗari, kuma in Inna ta yi kuskuren lamba da gangan sai ta riƙe ƙugu ta gyara mata. Duk lokacin da aka kai ta awo likitan yakan ce ba abin da ya taɓa ta. A ɗakin jarirai kuwa an ɗinka wa tagar nan labule mai kauri, kuma Mai Tabarau ta ce duk sabuwar nas da aka kawo, ranar farko sai Babbar Sista ta tsayar da ita jikin taga ta ba ta labarin mayafi.

Da aka kawo kayan Auta daga asibiti, 'yan'uwanta suka ce Inna ta zaɓi abin da take so. Siririyar tocilar kaɗai ta ɗauka.

Idonta ya rage ƙarfi, goma a wata ta gagare ta, shida take yi. Kullum da safe in ta gama share bakin ƙofa sai ta zauna ta miƙe ƙafa, ƙullin ulu cikin kwano, ta yi layi biyar ko shida. Kafin ta ajiye sai ta shiga lungun ɗaki, ta cusa tocilar cikin abin da ta saƙa, ta kunna, ta juya gaba da baya. In ta ga ɗigon haske ta warware. In ba ta gani ba sai ta kashe tocilar ta ce, "Ta yi."